Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maradi kan lafiyar 'yan ci-rani da suka dawo gida

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Maradi,
da Daraktan Kiwon Lafiya na Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah ya dafa muku a kan nauyin jama'a da ke wuyanku, ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Ranka ya daɗe, ni magini ne, haifaffen wani ƙauye a gundumar Madarunfa, mazaunin birnin Maradi a yanzu. Na yi shekaru ina ɗora bulo a Libiya, tsakanin Sabha da Tarabulus. Yaƙin 2011 ya koro ni tare da 'yan Nijar fiye da 200,000 da suka tsero a shekarar. Da ƙura ta lafa na sake komawa, daga baya na dawo gaba ɗaya da gwiwa guda da ba ta lanƙwasuwa tun ranar da katakon gini ya zame da ni daga hawa na biyu. Muna da wata fada da muke zama kowace Juma'a bayan la'asar, kuma duk wanda ke cikinta ya ci rani a waje: akwai na Libiya, akwai na Aljeriya, akwai na Legas da Abijan, ga kuma samarin da suka yi haƙar zinariya a Jado da Cibarkaten da ƙasar Mali. Muna shan shayi, muna zuba dala ɗari-ɗari a asusu don wanda ciwo ya kayar. Su suka ce in rubuta wannan takarda da yawunsu, saboda ni na ɗan zauna lakwal kafin rashi ya fitar da ni.

Jana'iza ce ta tayar da maganar. Ɗan wana, matashi mai shekara 26, yana cikin waɗanda Aljeriya ta kwaso ta sauke a Asamaka, garin kan iyakarmu da ita. An rubuta sunansa a can, an sake rubutawa a Agadas, ya iso tashar Maradi da leda ɗaya a hannu yana tari. Na san akwai ma'aikatan agaji a Asamaka, kuma suna duba wanda ya faɗi ko ya ji rauni, Allah ya saka musu. Wanda ke tsaye da ƙafafunsa kuwa wucewa yake yi. Yaron ya shiga ƙauye, aka ce ƙurar hanya ce, aka ce sanyi ne, aka jiƙa masa sassaƙe, aka sayo masa ƙwayoyi a wajen mai tallar magani ranar kasuwa. Sai da ya fara tofar da jini, wata 5 bayan dawowarsa, muka kawo shi birni. Aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Ya fara shan magani, amma huhun ya riga ya tafi. Yau matarsa da ɗansu na fari suna kan maganin wannan cutar. Ajali na Allah ne, mun yarda. Sai dai gwajin da aka yi masa a wata na biyar, da an yi shi a makon farko, da ko bai tsira ba matarsa da ɗansa sun tsira.

Ci-rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina da Gobir. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.4 a jihar nan, kuma tun daga lokacin haihuwa ake yi, gonaki kuwa ba su haihu ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta, rumbu ba ya kai mutane ga sabon hatsi. Shi ya sa da an gama girbi sai samari su ɗaure kaya. Kuɗin da suke aikowa ta Nita ko Amana shi ke sayen gero a bazara, shi ke biyan sadaki da ragon suna, shi ke mayar da ɗakin laka na siminti. A watan Nuwamba na 2023 hukumomin ƙasa sun soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, hanyar arewa ta buɗe. Ta ɗaya ɓangaren kuma Aljeriya ba ta daina kora ba: ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro zuwa iyakarmu a 2024 kaɗai, 'yan ƙasashe daban-daban, namu na ciki. Tafiya za ta ci gaba, dawowa za ta ci gaba. Koke-kokenmu a kan dawowar suke.

Na farko, babu wata ƙofa da ɗan ci-rani zai bi a duba jikinsa idan ya iso gida. Ranka ya daɗe, ka san yadda muke kwana a can? Mutum 20 a ɗaki ɗaya marar taga, don a rage kuɗin haya, don kuma kada 'yan sanda su ga fitila. Wanda aka kama, a tsare shi a zaure ɗaya da ɗaruruwa, wannan na tari a fuskar wancan. Tarin fuka ta iska yake bi, kuma babu wurin da ya fi so kamar irin waɗannan ɗakuna. Maganinsa kyauta ne a ƙasar nan, wata 6 ake sha a warke, amma sai an gano shi tukuna. Mutumin da ke ɗauke da shi bai sani ba yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa, yana shiga sahu a masallaci, yana cin tuwo akushi ɗaya da 'yan'uwa. Kafin a ankara gida guda ya kamu.

Masu haƙar zinariya nasu ya fi muni. Suna shiga rami su fasa dutse, su niƙa shi a busasshe ba abin rufe hanci, ƙurar dutsen ta zauna a huhu ta taurara shi. Wannan ciwon ba ya da magani, kuma huhun da ya taɓa yana saurin kama tarin fuka. Akwai mutum biyu a fadarmu, ba su kai shekara 35 ba, amma ba sa iya hawa matakalar bene sai sun tsaya sun huta. Akwai kuma zaiba da suke ƙonawa don ware zinariya, suna shaƙar hayaƙinta. Wanda ya daɗe a kai sai ka ga hannunsa na rawa, yana mantuwa, ƙoda na ba shi wahala, jama'a su ce sammu ne. Jiharmu ta san wannan sana'a ta kusa, domin ramin Garin Liman kusa da Ɗan Isa ya rufta da mutane a watan Nuwamba na 2021, aƙalla 18 suka rasu. An yi jimamin waɗanda ƙasa ta danne. Waɗanda ƙura ke ci a hankali, babu wanda ya ƙirga su.

Ga kuma masassarar cizon sauro. Wanda ya tashi a nan jikinsa ya ɗan saba da ita. Idan ya yi shekaru a hamadar Libiya ko Tamanrasat, wannan sabon yana raguwa. Yawancinmu kuwa da damina muke dawowa don noma, daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Sai ka ga ƙato ya kwanta kwana uku ya fita hayyacinsa, alhali ya ɗauka irin masassarar da ya sani ce tun yana yaro.

Na biyu, maganar kuɗin magani da takardu. Mun gode da rage kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi da rabi tun watan Satumba na 2024, da haihuwa da aka mayar kyauta. Mun san kuma tun 2006 yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya. Amma wanda aka kama a bakin aiki, aka hana shi ko komawa ɗaki ya ɗauko wayarsa da kuɗin da ya ɓoye a matashi, rabin kuɗi ma ba ya da shi. Kuɗin ganin likita kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Akwai kuɗin mota daga Dakoro ko Mayahi zuwa birni, akwai hoton ƙirji, akwai takardar magani da za a kai farmasi, akwai abincin mai jinya. Inda ake samo kuɗin nan sananne ne: a sayar da akuyar matar gida, sannan a jinginar da gona. Mutum ya tafi ci-rani don ya fanshi gonar ubansa, ya dawo ciwonsa ya cinye wadda ta rage.

Wasu sun fara shan magani a waje, na hawan jini, na sukari, na sida, na tarin fuka. Ranar da aka kore su maganin ya tsaya, takardun likita kuma sun zauna a can. Duk ma'aikacin lafiya ya san abin da katse maganin tarin fuka ke haifarwa: ƙwayar cutar ta ƙi jin magani, jinyar ta ƙara tsawo da wuya da tsada, kuma irin wannan mai taurin kan ne mutum zai raba wa maƙwabtansa. Haka mai sida da ya yanke magani. Mutumin da ya zo da kwalin magani fanko mai rubutun Larabci, yana buƙatar wanda zai zauna ya saurare shi ya gano abin da yake sha.

Mu da muka dawo da karaya ko tsagewar ƙashi, babu ubangidan da ya biya mu ko dala. Ba mu da takardar aiki, ba mu da wurin kai ƙara. Ni da kaina, ranar da na je wani asibiti a kan gwiwata na roƙi sassauci, wani ma'aikaci ya dube ni ya ce, "Ku 'yan Libiya ai ku ke da kuɗi." Ban yi fushi da shi sosai ba, don abin da ya gani ke nan: waɗanda suka dawo da babur sabo da rediyo mai ƙara. Irinmu ba ma yawo a gari a gan mu. Na koma wajen mai ɗori, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ga ni nan ina sallah a zaune.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mana nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai ciwon da ba ya fitowa a hoton ƙirji.

Duk wanda ya bi ta Sabha ya san abin da ake kira gidan bashi. Direba ya kai ka ya sayar, a kulle ka, a ba ka waya a ce kira gida. Ana dukanka da tiyo ko ana ɗiga maka narkakkiyar roba, uwarka tana ji a ɗaya gefen, don ta yi saurin sayar da abin da take da shi. Wasu sun yi watanni a haka. Wasu motarsu ta lalace tsakanin Dirku da Madama, suka ga abokan tafiya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, suka tona yashi da hannu suka rufe su. Wasu an yi musu abin da namiji ba ya iya faɗa wa ko aminin da suka tashi tare. Irin wannan mutumin ya dawo gida, a yi masa barka da zuwa, a ce to sai a kama noma. Dare ya yi ya kasa barci. Ya ji ƙarar babur ya zabura. Yaro ya zubar da ruwa ya kama shi da dukan da ya wuce misali, sannan ya zauna yana kuka. Matar ta gaji ta tafi gidansu. A fadarmu akwai wanda ya yi shekara 2 ba ya kwana a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, ko da hunturu, a tsakar gida yake shimfiɗa.

Sai kunyar dawowa hannu rabbana. An ci bashi an yi maka guzuri, sa'anka da kuka tafi tare ya aiko an gina masa ɗaki, kai ka sauka da silifas. Ba wanda zai zage ka a fili. Gaisuwar ma ta isa: "An dawo? To, Allah ya sa a dace gaba." Na san samarin da suka iso tashar Maradi suka ƙi ƙarasawa ƙauyensu, suna kwana a rumfunan kasuwa suna dako, gida na zaton har yanzu suna Aljeriya. Na san wanda ya sake kama hanyar hamada da ciwo a jikinsa don ya fi jin sauƙin mutuwa a can da kallon masu binsa bashi.

A nan tramol ke shigowa. Yawancinmu a bakin aiki muka san shi. Ana ba ka ƙwaya ɗaya don ka iya ɗaukar siminti daga asuba zuwa magariba, ko ka jure zaman rami. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma biyar. Ka dawo gida aikin ya ƙare amma jiki bai daina nema ba, kuma yanzu ita ce ke kashe maka tunani. In ka sha da yawa ka faɗi kana farfaɗiya, in ka daina jiki ya hau ciwo da gumi da rashin barci. Jama'a na kiran yaran nan 'yan ƙwaya, a kama su, a sake su, su koma. Ban ce a bar masu sayarwa ba, a kama su da kyau. Shi mai shan kuwa majinyaci ne, kuma ban san ƙofar da zan nuna wa uban da ya zo mini da ɗansa yana neman a raba shi da ita ba.

Abin da iyali ke iyawa shi suke yi: a kai wa malam ya yi ruƙiyya, a yi rubutun sha, wasu a kai gidan masu bori a asirce, in abin ya ƙi a sa mari a ƙafa a ɗaure a turke kamar dabba. Ba na raina addu'a, ni ma da ita na samu barcina ya dawo. Amma na ga mutumin da ya yi wata 8 a mari, da aka samu wani ma'aikacin lafiya da ya san aikin ya ba shi magani yana kuma zama da shi suna magana, yau yana tuƙa kabu-kabu yana ciyar da 'ya'yansa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, akasarinsu kuma suna Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga nan. Talakan Gazawa ko Bermo ba zai kai mahaukacinsa can ba.

Na huɗu, mata da yara. Ba mu manta da gawarwaki 92 da aka tsinta a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 ba, yawancinsu mata da ƙananan yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Matan jiharmu ma suna bin wannan hanya, wasu bara, wasu aikatau a gidajen Larabawa. Suna dawowa da yaran da aka haifa a can, ba takardar haihuwa, ba allurar rigakafi ko ɗaya, wasu da tamowa. Wata ta dawo da cikin da ba da son ranta ta same shi ba, kuma ba za ta taɓa faɗa wa majo (babban ma'aikacin jinya) namiji a gaban layin mutane ba. Akwai kuma matan da ba su je ko'ina ba, suna zaune a ɗakinsu miji ya kawo musu sida ko ciwon hanta daga Legas ko Abijan, shi kansa bai san yana da shi ba. Wannan laifinmu ne mu maza, ba mu ɗora wa hukuma shi ba. Abin da muke cewa, namiji ba zai je gwaji a likitar ƙauyensu ba, inda mai shara ƙanwar matarsa ce, mai gadi kuma abokin wasansa.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a kafa wurin duba lafiya a inda ayarin waɗanda aka koro ke sauka a Maradi, da manyan tashoshin motocin Agadas. Ba gini muke nema ba. Rumfa, teburi, ma'aikaci biyu, mace da namiji, da labule. A tambayi kowa ko yana tari, a karɓi kakin wanda ke yi, a gwada masassara, a auna jini da sukari, a tambaye shi ko akwai maganin da yake sha aka katse masa. Wanda ya yarda a yi masa gwajin sida da na hanta a bayan labule, a tasha inda babu wanda ya san shi. Sunayen da ake rubutawa a Asamaka da Agadas kuma, a riƙa turo na 'yan jiharmu ga likitocin gundumomi, domin majon yankin ya san mutum kaza sun shigo masa, ya aika a dubo su bayan wata ɗaya. Tarin da bai nuna kansa a tasha ba zai nuna a lokacin.

Muna roƙon a ba duk wanda aka koro, ko ya dawo da rauni, wani kati da zai ga likita da shi ya kuma yi hoton ƙirji ba biya har wata 6. Mun san asusun jiha ba shi da ƙiba. Amma hukumar kula da ƙaura ta duniya, OIM, wadda ke da masaukai a Agadas da Arlit da Dirku, tana kashe kuɗi a kan mayar da mutane gida, kuma ofishinka na da bakin da zai ce mata aikin bai ƙare a tasha ba. Kuɗin hoton ƙirji ɗaya bai kai kuɗin jinyar gida guda na wata 6 ba.

A kan ciwon zuciya da ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane irin wannan ciwo su kula da shi ba sai an jira babban likita ba. A horar da ko mutum biyu-biyu a kowace gunduma daga cikin takwas ɗin jihar nan, a ware musu rana guda a mako, a sanar da ranar a rediyo. A haɗa da masu son rabuwa da tramol. Mu 'yan fada mun ɗauki alkawarin rako mutane, saboda wanda ya kwana a gidan bashi ya fi sakin jiki da wanda shi ma ya kwana a can.

Muna roƙon ka yi magana da Mai martaba Sarkin Katsinan Maradi da Mai martaba Sarkin Gobir na Tsibiri da sauran iyayen ƙasa, su umarci hakimai da masu gari da limamai. Daga watan Mayu, lokacin da 'yan ci-rani ke kwararowa don shuka, a riƙa faɗa a huɗuba da gidajen rediyo cewa tarin da ya wuce mako 2 a kai shi likita, maganinsa kyauta ne. A faɗa kuma cewa wanda ya dawo ba ko sisi bai yi abin kunya ba. Kalma ɗaya daga bakin liman ta fi takarda ɗari da aka manna a bango. A sa mai gari ya hana ɗaure mutum a mari ba tare da ma'aikacin lafiya ya gan shi ba.

Yaran da aka haifa a waje, a aika alƙalai da ma'aikatan magajin gari ƙauyuka su yi musu takardar haihuwa, kamar yadda aka saba yi lokaci-lokaci, a tafi da masu allurar rigakafi a mota ɗaya.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo tana nan cikin garin, tana yaye ɗaliban likita. A ba su aikin bin ƙauyukan da suka fi fitar da 'yan ci-rani, su auna huhun masu haƙar zinariya, su ƙirga nawa ne suka dawo da ciwo, wane iri, me ya ci musu. Mu abin da idonmu ya gani kawai muka sani. Hukuma tana buƙatar lissafi, kuma ga masu yin sa a bakin ƙofarta.

Na ƙarshe, sana'a ga wanda jikinsa ya ƙi noma. Mai taurin huhu ba zai iya huɗa ba, mai gwiwa irin tawa ba zai hau gini ba, amma zai iya ɗinki, zai iya gyaran waya ko babur, zai iya kiwo. Jar akuyar Maradi har ƙasashen waje ake nemanta, cibiyar kiwonta tana garin nan tun shekarun 1960. A ba irin waɗannan mutane awaki biyu-biyu a tsarin habbanaye, in sun haihu a miƙa uwayen ga na gaba. A ware musu gurbi a cibiyoyin koyon sana'a ko da shekarunsu sun wuce na ɗalibai. Wanda ke da abin yi a gida, ciwo ba ya kora shi hamada karo na biyu.

Muna da wani littafi a fada, wanda muke rubuta zubin asusu a ciki. A bayansa mun fara rubuta waɗanda suka dawo da ciwo a unguwanninmu da ƙauyukanmu, da irin ciwon, da abin da aka sayar don jinya. Duk ranar da Daraktan Kiwon Lafiya ya ba mu lokaci, mu uku za mu zo da shi, tare da matar ɗan wana idan ta gama takaba kuma jikinta ya yi ƙarfi, domin ta ce tana so ta yi bayani da bakinta.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya.

Wassalam.

Daga wani tsohon magini,
a madadin fadar tsofaffin 'yan ci-rani,
Maradi.